Baƙuwa Ɗaya Katin Yake Ɗauka

Mubi, ranar Laraba bayan La'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Nafisa 'yata, ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a duk inda kika buɗe ta. Na ce miki kada ki buɗe sai kun isa Abuja, amma ni na haife ki, na san kafin motarku ta wuce Hong kin yage ambulan. To ki karanta, sai dai ki daidaita fuskarki, domin Goggo Dudu tana zaune a gefenki. Ba ta karatun boko, amma fuskar mutum ba ta taɓa yi mata wuyar karantawa ba, kuma rabin maganar nan a kanta ne.

Za ki ga wani baƙin kati a cikin ambulan, da sunanki a jiki kamar yadda yake a fasfo. Ba na cire kuɗi ba ne. Na shiga falon hutawa ne na filin jirgi, wanda matafiya masu irin wannan kati suke zama kafin jirginsu ya tashi. Nawa ba zai yi miki aiki ba, don suna duba suna, shi ya sa na yi ta zirga-zirga a banki har aka yi miki naki. Mai katin yake shiga, da baƙo guda ɗaya. Roƙona gare ki ɗaya ne: idan kun yada zango a Addis Ababa kuna jiran jirgin Indiya, inda za ki je karatu, ki shigar da Goggo Dudu. Zan gaya miki dalili, amma bari in fara da ƙananan wautata kafin in zo kan babbar.

Shekara biyu cur irin wannan kati yana cikin jakata, tsakanin katin zaɓe da hoton babanki, ban san amfaninsa ba. Ranar da aka ba ni a banki, ma'aikaciyar ta yi min bayani da Turanci mai gudu, ni kuwa ina ta gyaɗa kai don kada a ce Hajiya mai zuwa Dubai saro kaya ba ta gane ba. A cikin shekara biyun nan sau nawa na shimfiɗa ɗankwali a ƙasan filin jirgi na zauna, bayana yana ciwo, ina gadin soket ɗaya da mutum goma suke layin cajin waya a kansa! Wata mata ce 'yar Garwa ta Kamaru ta cece ni a filin jirgin Addis. Ina laluben fasfo katin ya faɗo, ta ɗauka ta juya shi, ta dube ni ta ce da Fillanci, "Hajja, kina da wannan kike zaune a ƙasa?" Saboda haka idan aka yi miki bayani ba ki gane ba, a makaranta ne ko a ofis, ki ce a sake. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ni tawa ta ci min shekara biyu.

Matar nan ta ja hannuna muka hau matattakala mai tafiya da kanta. Wata ƙofar gilashi ta buɗe ba wanda ya taɓa ta. A bakin ƙofar akwai wata mata a bayan tebur, ta karɓi katin da takardar shiga jirgina, ta ɗora su a kan wata 'yar na'ura. Na'urar ta yi ƙara sau ɗaya, matar ta ɗago kai ta ce, "Aishatu." A ƙasar da ba wanda ya san ubana, ba wanda ya san akwai wani gari wai shi Mubi, ɗan katin da bai kai tafin hannuna ba ya faɗa musu sunana, suka ce in shigo.

Abin da ya fara kama ni shiru ne. Duk hayaniyar da na baro a ƙasa, da kukan yara da lasifika, sai ka ce an rufe su a cikin tukunya. Kujeru masu laushi, sanyi daidai, ƙamshin gahawa. Bango guda kuma gaba ɗayansa gilashi ne, daga ƙasa har sama, ana ganin jirage a jere. Na sha shiga jirgi, amma ban taɓa tsayawa na kalli tashinsa daga sama ba. Na ga wani, tsawonsa ya fi layin 'yan atamfa na kasuwarmu, ya tako a hankali, ya tsaya, sannan ya zabura da gudu. Ƙarfe ne fa, cike da mutane da akwatunansu, sai kawai ya ɗaga hanci ya bar ƙasa. Na bi shi da ido har girgije ya rufe shi. Ban san sau nawa na ce Subhanallah ba. Kafin in dawo hayyacina wani ya biyo bayansa, wani kuma yana sauka, ba wanda ya gogi wani. Har yau idan na tuna, sai in ji na yi ƙanƙanta ƙwarai.

Sai maganar abinci, wadda babanki har ya rasu bai daina yi min dariya a kanta ba. An jera tukwane masu sheƙi da murafensu, tururi yana fita. Ga shinkafa, ga kaza, ga burodi iri-iri, ga 'ya'yan itace an yayyanka, ga wani inji da ake danna masa maɓalli ya zubo shayi da madara. Matar Garwa ta yi min sallama ta tafi, jirginta ya kusa. Ni kuwa na zauna na naɗe hannu ina jiran masu gida su ce min bismillah. Yunwa kamar ta kashe ni. Ma'aikaciya ta wuce, na yi mata murmushi, ta yi min murmushi, ta wuce abinta. Na ce a raina, waɗannan mutane ba su da tarbiyya, sun yi girki sun ajiye suna kallon baƙo. Ina ganin Turawa da 'yan China suna tashi suna buɗe tukunyar mutane suna ɗiba da kansu, ina cewa kai, kwaɗayi bai yi ba, ko kunya babu. Awa biyu ina wannan zaman mutuncin. Daga ƙarshe wata dattijuwar ma'aikaciya ta lura da ni, ta zo ta sa min faranti a hannu, ta nuna tukwanen tana cewa, "Mama, Mama." Lokacin kuwa saura kaɗan jirgi ya tashi. Ayaba ɗaya na ci.

To ki sani, a can ba wanda zai ce miki bismillah. Tun da na'urar nan ta yi ƙara an riga an ce. Ki wanke hannu, ki ɗauki faranti, ki ɗiba. Naman da ba ki gane ba ki tambaya, kada ki yi irin gyaɗa kaina. Kwalabe kuma ki karanta su da kyau, don akwai ɓangaren da ba namu ba. Na taɓa ɗauko wata koriyar kwalba ina murna na samu lemo, Allah Ya sa warin giyar ya riga bakina.

A tafiya ta gaba kuma sai na zarce. Na ce ai ba zan ci daɗi ni kaɗai yarana suna gida ba. Na cika jakar hannu da kofunan yogot, da ƙananan kek, da man shanu mai 'yar takarda, wai tsaraba. A cikin jirgi yogot biyu suka fashe a kan fasfona da katin rigakafi da samfurin leshin da wata amarya ta ba ni. Jami'in da ya duba fasfon a Abuja sai da ya kai shi hanci. Abincin falon nan na ci ne a wurin, ba na ɗauka ba. Abin da cikinki ya ɗauka shi ne rabonki. Ƙannenki ba sa jiran kek, sakamakon jarrabawarki suke jira.

Akwai wurin wanka a ciki, da ruwan zafi da tawul fari fat. Akwai ɗan ɗakin salla mai tsabta inda ba wanda zai tsallake ki kina sujada. Wata rana na yi wanka, na yi sallar Azahar a natse, na samu wata kujera mai kwantawa, na miƙe ƙafa. Na ce ai in lokaci ya yi za a kira. Kin san tashar Mubi: motar Yola ba ta tashi sai ta cika, in ma kin tafi sayen ƙosai direba zai aiko a neme ki. Da wannan tunanin na yi barci. Ashe a yawancin falukan nan ba a sanarwa, don kada a dami masu hutawa. Allo ne kawai a bango, kowa ya duba nasa. Na farka na ga sunan Abuja yana walƙiya da ja. Na cire takalmi na riƙe a hannu. Uwarki, da wannan jikin, tana gudu a filin jirgin wata ƙasa, gyale yana jan ƙasa! Ƙofar jirgin kuwa nisanta kamar daga gidanmu zuwa kasuwa. Ni ce ta ƙarshe da ta shiga, kowa yana kallona. Don haka da kin zauna ki saita ƙararrawar wayarki, ki tambayi nisan ƙofarku, ki riƙa leƙa allon. Wurin yana da daɗi, amma ba can za ki ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Kin tashi kin ga Goggo Dudu tana zuwa gidanmu daga Gella, kina kiranta Goggo, ni ina kiranta Adda, wato yaya da Fillanci, amma ban taɓa zaunar da ke na gaya miki ko ita wace ce a wurina ba. Ba mu haɗa jini ba. Ita ta fara kai ni Kano saro kaya lokacin ban san atamfa mai kyau da mai zuba ba. Ta koya min in murza bakin zane in shinshina. Ita ta riƙe hannuna ranar da na fara shiga jirgi. Da na haife ki, mahaifiyata ta riga ta rasu, Adda Dudu ce ta rufe shagonta ta bar gidanta ta zo ta yi kwana arba'in tana dafa min ruwan wankan jego. Hannunta ne ya fara yi miki wanka.

Shekara huɗu da suka wuce muna dawowa daga Dubai tare, ni da ita. A cikin jirgi muka haɗu da wata Hajiya Balaraba, matar wani babba a Abuja, awarwaron zinariya har gwiwar hannu. Ta ce za ta aurar da 'yarta, tana neman wadda za ta haɗa mata kayan ɗaki. Kunnena ya tashi. Da muka sauka Addis aka ce jirgin Abuja zai yi jinkiri saboda hadari, sai bayan awa biyar. Hajiya Balaraba ta ce ai nata katin ya daina aiki ba ta sabunta ba. Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai ina da shi, Hajiya, mu je."

Mu uku muka hau. Adda Dudu ba ta taɓa shiga ba, don a tafiye-tafiyen da na gano falon ba tare muke ba, labari kawai nake ba ta tana dariya. Tun lokacin gwiwoyinta sun fara ciwo, tana dafa bango tana tafiya. Matar bakin ƙofa ta ɗora katin, ta ƙirga mu da ido, ta ce mai kati da baƙo ɗaya. Ta ukun sai an biya mata daban. Na tsaya. Hajiya Balaraba tana duba wayarta kamar ba da ita ake ba. Adda Dudu ta dube ni, ta ce da Hausarta irin ta Gella, "Ka shiga, Aisa. Ni zan zauna da kaya. Ba komai."

Nafisa, a garinmu wa yake karɓar "ba komai" na farko? Ko ruwa ka miƙa wa baƙo ya ce ya gode, sai ka sake, ka kuma sake, sai a na uku ka san gaskiyarsa. Na san wannan tun ina yarinya. Ita ma ta san na sani. Amma ban ce mata ko sau ɗaya "a'a, Adda" ba. Ban tambayi nawa ne na mutum na ukun ba. Na ce, "To Adda, ba za mu daɗe ba," na miƙa mata jakata, ƙofar ta buɗe, ta rufe a bayana.

Falon yana sama ne, kuma ta wani gefen gilashin ana hango zauren jira na ƙasa. Ina zaune Hajiya Balaraba tana ba ni labarin gadajen Turkiyya, ina hango Adda Dudu a kan kujerar ƙarfe. Ta ɗora kumburarriyar ƙafarta a kan jakata, ta kwance bakin gyale ta fito da dabino tana ci ɗaya-ɗaya. Sau biyu na ga ta miƙe da ƙyar, ta ja jakunkunanmu duka zuwa bayi, don ba wanda za ta bar wa. Na juya kujerata don kada in gani. Awa biyar na yi a ciki. Da na fito na kawo mata tuffa guda a naɗe cikin takarda. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce "Useko," wato na gode, ta jefa a jaka. Hajiya Balaraba kuwa tun da muka rabu a Abuja ban sake jin muryarta ba, kuma ban ga laifinta ba. Ba ita ta yi kwana arba'in a ɗakina ba.

Adda Dudu ba ta taɓa tayar da maganar ba. Biki tana zuwa, ta'aziyya tana zuwa, da babanki ya rasu kwana bakwai ta yi tana zuwa mana zaman makoki. Amma ki tuna da kyau, tun daga shekarar nan kin ga ta ci abinci a gidanmu? Kullum ko tana azumi, ko yanzu ta ci a hanya. Tafiya tare kuma ta ce gwiwa ta hana. Ni na san ba gwiwa kaɗai ba ce.

Da ɗanta Hamman ya kira ni ya ce za a yi mata aikin gwiwa a can Indiya, a garin da za ki yi karatun haɗa magunguna, shi ya riga ya tafi shirya asibiti, yana roƙon ki rako ta, sai da na zauna. Ranar Asabar na shiga motar Gella da niyyar in ba ta haƙuri. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta dama min kunu na sha. Muka yi zancen ruwan bana, da waken Kwaja, da wanda ya mutu da wanda ya haihu. Sau uku na buɗe baki, sau uku abin da ya fito shi ne, "Adda, biza dai ta fito ko?" Har ta rako ni bakin ƙofa da sandarta ban faɗa ba. Da a ranar da abin ya faru na ce mata na yi kuskure, da kalma biyu sun isa. Yanzu ta yi shekara huɗu tana ƙara nauyi har harshena ya kasa ɗaga ta. Idan kin ɓata wa wani a can, abokiyar ɗaki ce ko malama, kada ki bari rana ta faɗi ba ki je ba.

Ga yadda nake so ki yi. Tun a Abuja ki nemi a ba ta keken tura marasa lafiya, kada ki saurari gardamarta. Da kun sauka Addis ki duba wayarki, akwai manhajar katin da Hamman zai nuna miki ta waya, ita za ta faɗa miki falon da yake karɓarsa a ɓangaren da kuke. Ki riƙe katin da takardun shiga jirginku biyu a hannu. Wani lokaci falon yakan cika su ce a jira. In haka ta faru ki jira, ban da faɗa.

Za ta gane ƙofar. Za ta ce miki, "Ka shiga, 'yata, ni zan zauna da kaya." Ki ce a'a. Za ta ce ba ta jin yunwa. Ki ce a'a. Ki durƙusa a gaban keken ki ce mata katin naki ne, sunanki ne a jiki, kuma ba ki da baƙuwar da ta wuce ta. Wannan gaskiya ce, ba ki yi ƙarya ba.

In ta yarda, ki kai ta jikin babban gilashin, wajen da ake ganin tashin jirage. Shekara talatin tana shiga jirgi, ba ta taɓa ganin abin nan daga sama ba, kuma ina so ta gani. Kada ki cika ta da surutu, ki bar ta ta kalla. Ba za ta tashi ta ɗibi abinci ba ko za ta kwana da yunwa, don haka ke za ki zubo ki kawo mata, ki ce bismillah. Shayinta madara da yawa, ban da sukari. Ki tambayi ma'aikatan tawul mai ɗumi ki naɗe mata gwiwa, ki ɗora ƙafar a kan kujera. In lokacin salla ya yi ki tura ta ɗakin sallar, ki taimaka mata da alwala.

In kuma kin roƙa har sau uku ta ce a'a, to ta faɗi gaskiyarta. Ki mayar da katin jaka. Kada ki shiga ke kaɗai, ko leƙawa kada ki yi. Ki tura ta ƙasa, ki zauna a kujerar ƙarfen da take kusa da ita har a kira jirginku. Falon yana nan, za ki shige shi wata rana, za ki ga abin da na gani ki yi tasbihi. Sai dai duk ranar da kika shiga, ki tuna kati ne ya buɗe miki ƙofar, ba don kin fi na ƙasa ba.

A takardar farko da na rubuta na ce ki ba ta haƙuri a madadina. Na yage ta. Ba ke kika bar ta a bakin ƙofa ba, kuma ba zan aiki 'ya ta ɗauki abin da uwarta ta kasa ɗauka ba. Abin da za ki faɗa mata kawai shi ne, "Dada ta ce ranar da za ki dawo, ita za ta zo tarbarki a Yola." Za ta gane, don ta san ko babanki ban taɓa zuwa Yola tarba ba. A can zan faɗa mata, da bakina, kafin in karɓi jakarta.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku a hanyar Yola da sararin sama da ƙasar da za ku. Allah Ya buɗe miki karatu, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare miki sallarki da mutuncinki, Ya dawo min da ke da abin da kika je nema. Ƙannenki suna gaishe ki. Ki ci abinci, ki kira ni da kun sauka.

Likitoci sun ce aikin ba mai wuya ba ne, amma shekarunta sun ja, kuma ina jin tsoro, Nafisa. Ranar da za a shiga da ita ki roƙi izini a makaranta ki je ki tsaya. Allah Ya tashe ta lafiya. Ki riƙe min ita da kyau, akwai maganar da ban faɗa mata ba tukuna.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Dada.